Matar da Ta Ƙi Zubar da Katunan Farfesa

Ƙarfe shida saura kwata na safe, duk wanda ke zaune a layin su Anti Ousseina a unguwar Glenwood ya san ƙarar ƙofarta. Ƙofar akwai taurin kai, sai an dake ta da kafaɗa take rufuwa, kuma shekara ashirin da uku ke nan maƙwabta suna jin wannan dukan ba fashi. Za ta fito da jaka a rataye, gorar shayi a hannu, takalmin roba mai faɗin baki a ƙafa, ta bi gefen titi tana jan carbi cikin aljihun rigar sanyi. Minti ashirin ke kai ta kwalejin da take aiki. Ba ta jiran bas, ta ce ƙafarta ba ta taɓa makara ba.

Ginin koyar da harsuna ne rabonta: hawa uku, ofisoshi arba'in da ɗaya, banɗaki shida. Daga sama take farawa ta gangaro. Kafin malamai su iso ta share, ta goge, ta kwashe kwandunan shara, ta ba furen sakatariya ruwa, wanda ba ya cikin aikinta amma ta ce ba ta iya ganin abu mai rai yana ƙishi. Ta san malamin da ke zubar da kofi a kan takardunsa, ta san wanda ke ɓoye biskit a aljihun tebur yana gaya wa matarsa ya daina cin zaƙi. Ba ta taɓa kai maganar kowa gaba ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya. Mu Hausawan Greensboro mun iya yabon wanda ya sayi gida a McLeansville, ko wanda ɗansa ya zama likita. Mai shara kuwa sai ranar suna ko rasuwa muke tuna lambarta, don mun san ita ce za ta fara zuwa, ita ce kuma za ta wanke tukunyar ƙarshe. Saboda haka bari a faɗi abin da wannan baiwar Allah ta yi, da abin da ya ci mata.

Ousseina 'yar Zinder ce, 'yar tagwaye. Ta zo Amurka ne bayan mijinta Moutari, direban tasi, wanda ya rasu shekara biyar da zuwanta. Allah bai ba su haihuwa ba. Duk duniya abin da ya rage mata shi ne Hassana, wadda suka kwanta ciki ɗaya, suka yi allo ɗaya, aka yi musu kitso iri ɗaya har ranar da aure ya raba su. Tun tuni Ousseina ta tsai da magana cewa ranar da ta cika sittin za ta koma gida, ta zauna ɗakin da aka gina mata jikin na 'yar'uwarta. Yanzu shekarunta sittin da uku. Hassana kuwa tana fama da hawan jinin ido, likitoci sun ce ganin zai yi ta raguwa har ya ɗauke, ba ya dawowa. Shekara ukun nan da Ousseina ta ƙara a nan, daga idon Hassana aka cire su. Abin da ya riƙe ta kuwa kwalayen takalma ne goma sha huɗu.

Asalin maganar daga ofis na sha huɗu ne a hawa na uku. A da wani tsohon Bayahude ne a ciki, Farfesa Ostrov, dogo, mai sunkuyayyen baya, wanda shi kaɗai ke riga ta isowa. Bangon ofishinsa duk kwalaye ne cike da ƙananan katuna, kowane kati da rubutun hannunsa. Shekara biyu tana share ofishin ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Wata safiya kati ɗaya ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka, ta ga layuka uku na wani rubutu mai kusurwa da ba ta sani ba, a ƙarƙashinsu kuma layi ɗaya na Larabci. Bakinta ya riga ta, ta karanta a fili: "Abdu."

Tsohon ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Da Faransanci ya tambaye ta, don ya lura da shi take amsa waya: "Madam, kina karanta Larabci?"

Ta ce, "Mahaifina malamin allo ne, Farfesa. Na san baƙaƙe tun ban san damana da haguna ba."

Daga ranar ta shiga uku, in ji ta, don tsoho ya sami mai saurare. Ya nuna mata cewa rubutun mai kusurwa Ibrananci ne da Aramiyanci, harsunan da kakanninsa suka yi magana da su, 'yan'uwan Larabci na jini. Shekara talatin yana tattara kalmomin da mutanen dauri suka yi amfani da su wajen faɗin aiki da bauta, yana bin kowace zuwa tushenta. Abdun da ta karanta, a Ibrananci ebed ne, a Aramiyanci abda, duk bawa. Daga saiwar nan Ibrananci ya fitar da aboda, aikin gona da hidimar ɗakin Ubangiji, kamar yadda Larabci ya fitar da ibada. Sunan Obadiya nasu shi ne kusan Abdullahi namu. Akwai wata kalmar Aramiyanci, pelah, yin hidima, ita kuma 'yar'uwar fallahi ce, manomi a Larabci. Ita dai tana goge taga tana ji, wani lokaci ta gyara masa lafazin Larabci, wanda ta ce yana fitar da shi kamar mai tauna tsakuwa. A bayan wata ambulan ya rubuta mata baƙaƙensu ashirin da biyu, ta haddace su cikin mako biyu don kada tsoho ya raina 'yar malam.

Shi ma ya riƙa tambayarta na Hausa. Ta jero masa bawa da baiwa da kuyanga, bara da baranya, ƙwadago da aikatau da gayya. Yana ta rubutawa cike da murna. Ranar da suka zo kan baiwa ne ta jingina tsintsiya da bango. Ta faɗa masa abin da a gidansu ba a faɗa. Kakarta ta wajen uwa baiwa ce. An kamo ta tana yarinya daga wani gari da ba ta iya tuna sunansa ba, ubangijinta ya sa mata suna Nasamu, sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace tare da garin. Ita ta goyi Ousseina, Hassana na bayan uwarsu. Ta rasu ba a taɓa ɗaukar hotonta ba, kabarinta ma yanzu ba wanda zai iya nunawa. Farfesa ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa.

Wani abu kuma da ya haɗa su shi ne wani gwangwani da ke kan kantarsa, inda yake ajiye yagaggun takardu. Ya ce su Yahudawa ba sa jefa takarda mai sunan Ubangiji a shara, tarawa suke yi su binne. Ta yi dariya ta ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Mahaifinta cusa irin waɗannan takardun yake yi a tsagar bango, in sun taru ya ƙona su a wuri mai tsarki ya binne tokar.

Shekara tara da suka wuce ɓarin jikin Farfesa ya shanye, bakinsa ya rufe. Ɗansa ya zo daga wata jiha mai nisa, ya kwashi littattafai da hotuna, ya koma cikin kwana biyu. Masu kwasar kaya suka juye katunan duka cikin baƙaƙen ledoji biyar, suka tattake kwalayen, aka liƙa takarda cewa shara ce. Aikin Ousseina ne ta fitar. Bebi, 'yar Jos ɗin da suke aiki tare, tana wurin, ita ta ba mu wannan labarin.

Bebi ta ce, "Anti, sufabaiza ya ce komai tirash ne. Mu kai waje mu huta, bayana ciwo yake."

Ousseina ta zura hannu ta zaro kati. "Bebi, buɗe idonki. Wannan Abdullahi ne a rubuce. Wannan na samansa kuma sunan Ubangiji ne da rubutunsu, Farfesa ya nuna mini. Shi zan jefa cikin ɓawon ayaba da ragowar abincin ɗalibai?"

"To in aka ce mun yi sata fa? Anti, ni ina son aikina."

"Bon, tsaya nan."

Ta sauka ta sami shugaban masu shara, ta sa shi ya rubuta a takarda cewa abin da ya zubar ta ɗauka da izninsa. Yana dariya ya sa hannu. Suka loda ledojin a motar Bebi.

Kada mai karatu ya ɗauka ta kwaso su ne don ta adana. Niyyarta ta yi musu irin sutura da ta ga mahaifinta yana yi. Ranar Asabar da hantsi ta sayo sabon daro na ƙarfe, don ba ta yarda da abin gashin naman maƙwabta ba. Ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a bayan gida, ta yi bisimilla, ta kunna wuta. Tana ɗiba da hannu tana sakawa, tana yi wa tsohon addu'ar samun sauƙi, zuciyarta fes, tana ganin ta fitar da shi kunya. Ta ƙona ya kai ɗari biyu. Ta sake ɗibowa ke nan, idonta ya faɗa kan na sama. Akwai ama da rubutun Ibrananci, akwai amatu da Larabci, ƙasa kuma da fensir, da boko, an rubuta: baiwa, Hausa, daga bakin Madam Ousseina ta Zinder, daga kakarta Nasamu.

Ta ce sai da ta karanta sau uku. A duk faɗin duniya, nan ne kaɗai aka taɓa rubuta sunan matar da ta goye ta, kuma saura ƙiris ita da hannunta ta jefa shi wuta. A nan ta gane cewa abin da ke cikin ledojin ba tarkacen da aka gama da su ba ne. Kowane kati wani ne ya faɗa, wani ya saurara, ya zauna ya rubuta. Ta kwara ruwa a daron, ta zauna kan tabarma ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar Moutari.

Washegari Bebi ta kai ta gidan kula da tsofaffi da ke wajen McLeansville, inda aka kwantar da Farfesa. Ta durƙusa gefen gadonsa ta nuna masa katin. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce, "Farfesa, na yi maka ɓarna, na ƙona wasu da kyakkyawar niyya. Ka yafe mini. Sauran suna hannuna. Na ɗaukar maka alkawari ba zan bar su ba sai na danƙa su ga wanda zai karanta." Tsohon ba ya iya magana. Da hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannunta ya riƙe, hawaye na bin gefen kunnensa. Wata biyu bayan nan ya rasu. A wajen Ousseina maganar da aka yi gaban mai jinya ya kama hannu a kai, ta zama amana, ko da babu shaida sai Bebi.

Ta ɗauka abin na wata ɗaya ne ko biyu. Ta fara neman inda za ta ajiye su a sito na masallaci. Alhaji Ma'aruf, wanda makullin ke hannunsa, ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ni ban ƙi ba, amma rubutun Yahudawa a nan? Kin san bakin mutanenmu." Ta je wajen limamin Yahudawa, ya karɓe ta da mutunci, ya ba ta shayi, ya ce za su binne su da girmamawa. Ta yi godiya ta ce mai su karantawa yake so a yi. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar ɗakin karatun kwalejin ta leƙa cikin leda ɗaya ta gaya mata gaskiya: a hargitse haka ba su da amfani ga kowa, kuma ba su da mutumin da za su sa ya jera. In an kawo su a jere, za a duba.

Wani da ya ji haka ya san an sallame shi ne cikin ladabi. Ousseina kuwa ta ɗauka an ba ta aiki.

Katunan sun kusa dubu goma sha tara. Ta bi shagunan takalma ta roƙo kwalaye. Ta shimfiɗa farin zanen gado a falo, ta jera faya-fayai da farantai ashirin da biyu, kowane baƙi da nasa. A kusurwar dama ta kowane kati Farfesa yakan rubuta baƙaƙe uku da jan tawada, wato saiwar kalmar, da ƙaramar lamba a hagu. Da su take bi. Kullum in ta taso aiki ta yi la'asar, sai ta zauna ta miƙe ƙafa, ta yi ta tsinta kamar mai tsintar shinkafa har a kira magariba. Wahalar tana ga waɗanda ba su da jan tawada, sun fi dubu uku. Su sai ta duba launin katin, da kaurin alƙalami, da yadda hannun ke rawa. Ta gano shekarun da yake amfani da shuɗin kati, da shekarar da rubutunsa ya ƙanƙance, wadda daga baya ta ji ita ce shekarar da matarsa ta rasu. Wani katin yakan yi wata uku a gefen faifai kafin ta gane gidansa. Sau biyu ta canza gilashi. Duk wanda ya je gidanta a shekarun nan ya san a bakin ƙofa ake zama, kuma ba a shiga da kofin shayi.

Shekara huɗu da suka wuce ta je Zinder hutun wata ɗaya. Lokacin Hassana tana gani, sai dai gefe-gefe ya fara rufewa. Ranar da za ta taho, Hassana ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta wajen haske ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ousseina, ki dawo tun ina gani."

"Saura kwali tara, Hassana."

"Ke da kwalayenki. Mutumin nan ya mutu, ba zai tambaye ki ba."

"Shi ba zai tambaye ni ba. Akwai Mai tambaya."

Hassana ta sake ta, ta ce, "Tun muna yara haka kike. In aka ba ki ajiyar gyaɗa, gara ki kwana da yunwa."

Shekarar da ta cika sittin, saura kwali shida. Ta ci gaba da shara da safe, jeri da yamma. A nan ne da yawanmu muka sa ta gaba, kuma mai wannan rubutu yana cikinsu. Muka ce Anti, 'yar'uwarki ta jini tana makancewa, ke kina nan kina gadin takardun wanda ba danginki ba, ba addininku ɗaya ba. Ba ta taɓa yi mana gardama ba. Takan ce, "Kun yi gaskiya," ta sunkuya ta ɗauki kati na gaba. Amma kada wani ya ce abin bai dame ta ba. Bebi ta sha samunta a ɗakin ajiye tsintsiya, ta kifa kai a bango. Kewar Hassana ba ta taɓa sakinta ba ko na yini ɗaya. In ta ji ƙamshin turaren wuta a jikin wata a masallaci, sai ta rasa inda za ta sa kanta. Ta sayi akwatin tafiya tun shekara uku, yana nan bayan ƙofa, tana goge masa ƙura duk Juma'a.

Kowace Lahadi da azahar suna waya ta bidiyo. Tambayar Hassana ta farko ba ta canzawa: "Saura nawa?" Biyar. Huɗu. Uku da rabi. In Ousseina ta tambayi ido, sai ta ce, "Da sauƙi. Ga ki nan ina ganinki, wannan shuɗin kallabin ya karɓe ki." Da wannan Ousseina ke samun ƙarfin wani makon.

Bara aka kawo sabuwar malama ofis na sha huɗu, Dakta Dalila, 'yar Aljeriya, wadda ita ma tsofaffin harsunan nan take koyarwa. Wani zai ce Ousseina ta ruga ta gaya mata. Ina! Wata biyu ta yi tana nazarinta kamar mai binciken gidan da za a kai 'ya. Ta duba ko tana ajiye littafi a ƙasa, ko tana ɗora kofi a kan takarda, ko tana amsa gaisuwar masu shara. Da ta gamsu, kuma kwali na ƙarshe ya cika a watan jiya, sai ta gayyace ta cin dambu da zogale ranar Asabar.

Dambun ya huce ba a ci ba. Dakta Dalila ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta buɗe kwali na farko, ba ta ɗago ba sai bayan awa huɗu. Ta ce ta taɓa jin labarin katunan nan tun tana ɗaliba, kowa ya ɗauka sun salwanta. Ta yi ta tambaya, "Madam, wa ya taya ki?" Ousseina ta ce Allah. Can wajen kwali na goma sha uku malamar ta tsaya, ta koma baya, ta sake dawowa.

"Madam, a nan akwai giɓi. Kalmar sakir, wato ɗan ƙwadago, lambobinta sun yi tsalle. Da wasu a kwalayen baya."

Ousseina ta ce, "Ni na ƙona su. In za ki rubuta, ki rubuta haka, kada a ɗora wa Farfesa."

Cikin mako biyu aka gama magana da ɗakin karatu. Za a ɗauki hoton kowane kati a sa inda masu bincike na ko'ina za su gani, da sunan wanda ya rubuta da sunan wadda ta jera. Ranar da aka zo ɗauka, Dakta Dalila ta zaro katin Nasamu ta miƙa mata, ta ce wannan nata ne, ta tafi da shi gida. Ousseina ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi gurbinsa da kanta. Ta ce a akwatinta ita kaɗai za ta gan shi, a nan kuwa baƙi za su karanta sunan.

Ba ta jira Lahadi ba. Motar na barin ƙofar gida ta kira Zinder. Ramlatou, babbar 'yar Hassana, ita ta ɗauka ta miƙa wa uwarta.

"Hassana, babu saura. Na gama. Ina tafe."

Hassana ta yi hamdala sau uku. Fuskarta na kallon gefen wayar, ba tsakiyarta ba. Ta ce, "To yanzu zan gaya miki. Tun azumin da ya wuce ya ɗauke, Ousseina. Ba na ganin komai."

Ousseina ta ce, "Amma kallabina... kullum kina faɗin launinsa."

"Ramlatou ke raɗa mini."

"Don me, Hassana? Don me ba ki faɗa mini ba? Da na bar komai na taho!"

"Na sani. Shi ya sa. Da kin taho kin zauna gabana, rabin zuciyarki na cikin kwali. Ni kuwa dukanki nake so."

Abin da ya ci mata ke nan, kuma ba za mu rufe shi da yabo ba. Ba ta kai ba. Fuskar da Hassana ta juya wajen haske shekara huɗu da suka wuce, ita ce ganin ƙarshe. Har yau mai wannan rubutu bai san ko shawarar da muka ba ta ce daidai ko abin da ta yi ba. Abin da ya sani shi ne bai taɓa ganin mutumin da ya riƙe magana irin wannan riƙon ba.

Anti Ousseina, ke ce wadda aka ba ki shara ki zubar, kika duba kafin ki zubar. Ke ce kika yi kuskure da hannunki, kika je gaban mai abu kika faɗa, kika sake faɗa gaban masana ba wanda ya tilasta ki. Jikar Nasamu, 'yar malam, abokiyar tagwaicin Hassana. Shekara ashirin da uku kina shiga ofisoshin masu digiri kafin su zo, da yawansu ba su san sunanki ba, ga shi aikin da ya gagare su ke kika yi shi zaune kan zanen gado. Mun gode. Mun gode da tukwanen da kika wanke mana, da gawarwakinmu da kika yi wa wanka, da surutunmu da kika haɗiye. Ki yafe mana zaman da muka yi a bakin ƙofarki muna ba ki shawara, ba wanda ya ce miƙo faifai ɗaya in taya ki. Da mu goma muka zauna tare da ke, da kin isa gida tun Hassana na gani. Wannan laifin namu ne, kuma mun ɗauka.

Ga sauran jama'a, musamman masu tasowa: in aka ba ku amana ku riƙe irin riƙonta. In kuma kuka ga wani a cikinmu ya sunkuya kan wani nauyi shi kaɗai, kada ku tsaya kuna auna ko nauyin ya cancanta. Ku cire takalmi ku zauna ku taya shi, don akwai mai jiransa a wani wuri.

Za a yi mata walimar sallama ranar Asabar bayan azahar, kuma an riga an gargaɗe ta cewa ba za ta taɓa tukunya ko ɗaya ba. Jirginta ranar Alhamis ne. Ta tambayi Hassana tsarabar da take so daga Amurka, atamfa ko turare ko agogo mai magana. Hassana ta ce ba ta son komai.

"Ki zo kawai, ki zauna kusa, inda hannuna zai kai."